Tambaya da Amsa: Kiɗan Kwikstep Yana Tsere Mana, Ina Matsalar Take?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni da maigidana muna koyon rawar bolrum, wadda ake yi bibbiyu a riƙe da juna. Wols da tango mun ɗan kama su, amma kwikstep ya gagare mu. Idan babu kiɗa taku yana tafiya daidai, da an kunna sai mu rikice. Shi ya ce ni ce nake jan ƙafa, ni kuma na ce shi ne yake gudu. Abin da ya fi ɗaure mini kai, mukan fara daidai a kan bugu na ɗaya, amma muna gama juyin farko sai in ji kamar mun sauka daga kan kiɗan. Ko dai ƙafafuna ne ba su da sauri?
Daga wata mai koyo.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, ƙafafunki lafiyarsu ƙalau. Ko ban gan ku a fili ba, ina kyautata zaton ke ce kika fi kusa da gaskiya, domin galibin masu koyon kwikstep riga kiɗa suke yi, da wuya ki ga wanda kiɗan ya bari a baya.

Mu fara da lissafi. Bugun kiɗan huɗu-huɗu yake zuwa, kowane huɗu gaɓa ɗaya ke nan. A filin gasa ana kaɗa gaɓa 50 zuwa 52 a minti ɗaya, wato bugu 200 zuwa 208. Wols ɗin da kuka saba da shi uku-uku ne, bugunsa bai wuce 90 a minti ba. Kunnen da ya tashi daga 90 ya faɗa 200 dole ya firgita. Sai dai ba kowane bugu ake takawa ba. Taku iri biyu ne, malamai suna ce musu silo da kwik. Kwik bugu ɗaya yake ci, silo kuwa biyu. A saurin gaɓa 50, kwik bai kai sulusin daƙiƙa ba, silo kuma ya ɗan haura rabin daƙiƙa.

Wannan rabin daƙiƙar ita ce hutun mai rawa, kuma ita masu koyo suke zubarwa. Mutum ya ji kiɗa na gudu sai tsoro ya kama shi, ya sa ƙafa a bugu na ɗaya, bai jira na biyu ya cika ba ya riga ya ɗaga ɗayar. Silo ya koma bugu ɗaya da rabi. In ya yi haka sau biyu, ya riga kiɗan da bugu guda cur. Idan mai ja, wato mai jagorantar rawar, shi ne yake wannan gaggawar, mai bi, wato abokiyar rawarsa, sai ta ji ana fizgarta, shi kuma ya ji ta yi masa nauyi a hannu. Ga asalin musunku nan. Ki gaya wa maigida cikin lumana cewa ba sauri ake nema a wurinsa ba, haƙurin cika silo ake nema. Ƙafa ta sauka a bugun farko, jiki ya ci gaba da ratsawa a kanta har ƙarshen na biyu, sannan a tafi.

Abin da ya ɗaure miki kai kuwa, shi ne ya fi burge ni a wasiƙarki, don ya nuna kunnenki yana aiki. Juyin kwata zuwa dama, wanda kusan kowa yake farawa da shi, ƙirgensa silo, kwik, kwik, silo. Ki haɗa: biyu da ɗaya da ɗaya da biyu, shida. Gaɓa kuma huɗu ce. Ashe juyin gaɓa ɗaya da rabi yake ci. Kun ɗauki silo a kan ɗaya da biyu, kwik a uku, kwik a huɗu, silo na ƙarshe a ɗaya da biyun gaɓar gaba. Takun shase da ke biye, wanda a cikinsa ake taka gefe, a rufe ƙafa, a sake taka gefe, shi ma silo, kwik, kwik, silo ne, dole ya fara a kan uku. A nan ne kike jin kamar kun ɓace, alhali a kan hanya kuke. Sai an haɗa su biyun, bugu 12, gaɓa uku cif, sannan ku sake faɗowa kan ɗaya. Na ga masu koyo da yawa suna tsayawa cak a daidai wannan wuri, ko su daka ɗan tsalle wai su gyara, su ɓata abin da yake daidai.

Ga ma'aunin da za ki riƙe: a takun farko-farko, silo a kan ɗaya ko uku yake farawa. Muddin haka ne, kuna cikin kiɗa. Ranar da kika ji silo ya fara a biyu ko huɗu, to lallai an zame. Akwai kuma tarko a nan. A kiɗan suwin, wato salon jaz da ake rawar nan da shi, mai ganga yana haɗa fayafayen ƙarfensa da ƙafa a kan biyu da huɗu, ƙararsu kuma ta fi kaifi, kunne sai ya bi ta. Ki ƙyale ta. Ki saurari ƙasan kiɗan, inda babban abin kiɗa mai tsarkiya da ƙaƙƙarfar murya yake, da wurin da jimlar waƙa take ɗaukowa.

Aikin gida, kafin ku riƙe juna. Ku zauna ku kunna kiɗa, ku ƙirga ɗaya zuwa huɗu da baki har ya zauna. Daga nan ku tafa a ɗaya da uku kawai. Sai kowa ya tashi shi kaɗai ya taka juyin kwata da shase yana faɗin ƙirgen da ƙarfi, ba a zuci ba. Ku rage saurin kiɗan: a YouTube idan aka mayar da shi 0.75, mai gaɓa 50 yakan dawo wajen 38, kuma a nan duk wanda yake yanke silo asirinsa zai tonu. Sai kowa ya iya shi kaɗai sannan ku haɗu, ku riƙa ƙara sauri kaɗan-kaɗan.

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Ni matsalata gajiya ce. Kafin waƙa ɗaya ta ƙare ƙwaurina ya yi tsami, kuma malaminmu ya ce kaina yana sama da ƙasa da yawa. Shin a kan yatsu ake yin rawar gaba ɗaya, ko ana sa dunduniya?
Daga wani ɗalibi.

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa. Tsamin ƙwauri ya riga ya ba ni amsa: a kan yatsu kake kwana tun daga farkon waƙa har ƙarshe, ba ka sauka. Ba haka aka tsara ba.

Ɗauki juyin kwata a matsayinka na mai ja. Taku na ɗaya, ƙafar dama gaba, da dunduniya za ka shiga, ka mirgina zuwa yatsu, a ƙarshensa ne tashi yake somawa. Na biyu, hagu zuwa gefe, yatsu. Na uku, dama ta rufe kusa da hagu, yatsu. Na huɗu, hagu zuwa gefe da ɗan baya, ka sauka a yatsu sannan ka sauke dunduniya a hankali, gwiwa ta yi laushi. Tashi ɗaya ne mai tsawo da saukowa ɗaya a cikin taku huɗu. Kai kuwa, bisa ga abin da malaminka ya gani, kana tashi da sauka a kowane taku. Saukowar nan ta ƙarshe ita ce take ba ka ƙarfin tura silo na gaba, kamar yadda mai jan baka sai ya ja tsarkiya baya kafin kibiya ta tafi. Wanda bai sauka ba, da me zai tura?

Idan kai ne mai komawa baya, yatsu ne suke fara taɓa ƙasa, dunduniya ta biyo, kuma kada ka yi saurin ɗaga ta. Jiki ne yake miƙewa, tafin ƙafa yana ƙasa tukuna. Mai bi ta fi kowa bukatar wannan, tunda ita ce take yawan tafiya da baya.

Abu biyu kuma da nake yawan gani. Ana buɗe kwik da faɗi, alhali lokacinsa kaɗan ne. Nisa a silo ake samunsa, kwik ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin jiki. Sannan a taku na uku, sai ƙafa ta rufe amma nauyi bai koma kanta ba, mutum ya rasa ƙafar da zai ɗaga. Rufewa da sauya nauyi tare suke. A takun lok na gaba ma haka ne: dama ta harɗe a bayan hagu a kan yatsu, nauyi ya hau ta, ba tare da an matse gwiwoyi ba. Ka gwada duk wannan ba kiɗa, hannunka a jikin bango, har idon sawunka ya saba sauke ka a hankali.

TAMBAYA: Kowace waƙa mai sauri za ta yi? Kuma yaushe zan fara tsalle-tsallen da nake gani a bidiyon gasar Bilakful?
Daga wata matashiya.

AMSA: Ba kowace ba, ƙanwata. Kwikstep ɗan kiɗan jaz ne. A shekarun 1920 makaɗa suka riƙa kaɗa kiɗan fokstirot, wata rawar bolrum, da saurin da dogon takunta ba ya iya bi, ga kuma rawar Calstin ta shigo daga Amurka, sai malaman Ingila suka tace su, wajen 1927 aka samu rawar da muke yi yau. Don haka ki nemi kiɗa mai bugu huɗu-huɗu mai lilon suwin, wanda saurinsa ba ya hawa da sauka. Saboda wannan bukatar ne ma Victor Silvester, wanda shi kansa zakaran rawa ne, ya kafa ƙungiyar makaɗansa a 1935 don kaɗa wa masu rawa kiɗa mai tsayayyen sauri, kuma faya-fayansa har yanzu suna da daɗin koyo. Gwajin waƙa ba wuya: ki duba agogo, ki ƙirga "ɗaya" nawa kika ji a daƙiƙa 30, ki ninka biyu. In ya faɗa kusa da 50, ta yi.

Tsalle kuwa, ki jinkirta shi. Masu waccan gasa ta garin Bilakful da ke Ingila suna raba bugu ɗaya gida biyu, suna yi kuma a riƙe da abokin rawa ba tare da kafaɗa ta motsa ba, wannan aikin shekaru ne. Ki fara mallakar juyin kwata, shase, lok na gaba da na baya, da juyin dama. Idan kika iya zagaye zaure da su, hannun hagu saɓanin tafiyar agogo kamar yadda ake bi, waƙa guda cikakkiya ba ki tsaya ba kuma numfashinki bai sarƙe ba, sai ki ce wa malaminki ya nuna miki tsalle ɗaya tak a ƙarshen silo.