Zuwa ga ƙanwata a Daura mai shirin karatu a Ingila

Ƙanwata, saƙonki ya iso. Kin ce kin samu gurbin digiri na biyu a nan Ingila, amma dangin maigidanki sun tada jijiyar wuya, wai a ƙasar Turawa doka ta ɗaure wa mata gindi, duk wadda ta je sai ta fi ƙarfin mijinta. Kina tambaya ko gaskiya ne, kuma ko za ki iya tahowa da shi da yaran.

Bari in fara da ta biyun, don ita ce mai zafi. Tun 1 ga Janairun 2024 gwamnatin Birtaniya ta hana mai karatun digiri na biyu irin na zaman aji tahowa da iyali. Waɗanda aka bar wa ƙofa su ne masu digirin bincike, kamar na uku, da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. In kwas ɗinki na zaman aji ne na shekara ɗaya kuma daga aljihunku za a biya, ke kaɗai za ki taho. Kenan abin tattaunawa a gida shi ne wa zai riƙe yara tsawon shekara, kuma shin maigida ya amince har zuciyarsa ne ko kunyarki yake ji.

Doka kuwa, e, tana aiki. Dokar daidaito ta 2010 ta hana jami'a ko wurin aiki nuna miki bambanci don ke mace ce, ko don kina da ciki, ko don addininki, kuma hijabinki na samun kariya a ƙarƙashinta. Banki ba ya neman sa hannun miji kafin ya buɗe miki asusu. Tun 2015 laifi ne mutum ya riƙa danne abokin zamansa, irin su ƙwace masa albashi ko raba shi da danginsa, ko da bai taɓa ɗaga hannu ba. Sakin da aka furta da baki a nan kotu ba ta san da shi ba, sai an bi ta hannunta. Auren da aka ɗaura a Daura kuwa ana karɓarsa, amma ki tanadi takardar shaida, kuma mai mata biyu ɗaya kaɗai ake ba wa bizar zama da shi.

Ki faɗa wa masu tsoron nan cewa Turawan ma jiya-jiya suka waye. Sai a 1882 matar aure a Ingila ta samu cikakken ikon mallakar dukiyarta, abin da Musulunci ya ba mu tun fil azal. Sadakinki da gadonki naki ne. Jami'ar Kambirij ba ta fara ba mata cikakken digiri ba sai 1948. Muhawarar ba ta ƙare ba a nan, balle a gida inda Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin daidaiton jinsi a 2016.

Auren da na ga ya girgiza a nan, ba kotu ce ta fara girgiza shi ba. Gajiya ce da kuɗi. Babu 'yar aiki, babu ƙanwar miji, babu maƙwabciyar da za ki miƙa wa goyo ta katanga. Ɗaliba tana aji, tana rubutu, tana aikin awa 20 da biza ta yarje mata a mako, ta dawo ta tarar da wanda bai taɓa ɗora tukunya ba yana jiran tuwo. Shi kuma yana cin zuci don zamansa a ƙasar ya rataya ne a kan bizar matarsa. Akwai matan da ke yi wa maza gori da wannan, ba zan ɓoye miki ba, kuma abin kunya ne. Waɗanda suka zauna lafiya su ne suka raba aikin gida da lissafin kuɗi tun kafin su hau jirgi.

Kada ki biya kuɗin kafin alƙalami sai jami'ar ta rubuto miki ko kwas ɗin na bincike ne. Sannan ki bar maigida ya kai wa Baba da Hajiya maganar da bakinsa, ba ke ba. A gaishe su, a shafa mini kan yaran.