Likita ya amsa: ina matashi mai sha'awar jinsinsa zai samu taimako a Yamai da Tawa?

Wasiƙun wannan mako duk kan abu ɗaya suke, kuma an cire duk abin da zai sa a gane masu su. Hukuncin addini na malamai ne, na doka kuma na alƙalai. A nan maganar lafiya za a yi.

"Likita, shekarata 19, ɗalibi ne ni a Yamai. Tun ina koleji na gane maza nake sha'awa. Wata uku ke nan ba na barcin kirki, abinci ba ya shiga, na daina zuwa fada. Na ga a intanet ƙasashen waje suna da lambobin kira da ƙungiyoyin taimakon matasan LGBTQ, wato masu sha'awar jinsinsu da makamantansu. Akwai irinsu a nan?"

Ɗana, waɗanda ka gani na gaske ne. Switchboard tana amsa waya a Ingila tun 1974, Trevor Project a Amurka tun 1998, a Faransa akwai SOS Homophobie tun 1994, da Le Refuge da ke ba matasan da aka kora daga gida masauki tun 2003. Sai dai an gina su ne don mazauna can. Wanda ya ɗauki waya a Faransa ba zai iya turo maka motar asibiti a Yamai ba, bai kuma san dokarmu ba. Abin da za ka amfana da shi a wajensu rubuce-rubucensu ne. Shawarar da sukan bayar ta mutum ya fito ya bayyana kansa kuwa, don wani wuri aka yi ta. Kada ka ɗauko ta yadda take.

A nan kada ka sa ran ganin ofis mai allo a bakin titi. Hukumomi sun tsaurara matsayinsu a ƴan shekarun nan, jama'a ma haka, shi ya sa da gangan ba za a buga sunan wani rukuni ko wani mutum a wannan shafi ba. Amma abin da ke cin ka yau yana da magani a asibitin kowa da kowa. Rashin barci, rashin cin abinci da janye jiki daga abokai, in sun wuce mako 2, alamun ciwon damuwa ne. Ka fara da CSI, ƙaramin asibitin unguwarku, ko ka nufi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Babban Asibitin Ƙasa, wato Pavillon E. Mutanen Yamai da sun ji sunan sai su ce gidan mahaukata, alhali da yawa da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita, su koma gida a ranar. Ɗan Tawa kuma ya fara da CHR, babban asibitin jiha.

Ba dole ba ne ka faɗi dalili a ganin farko. "Ina cikin damuwa, ba na barci, akwai abin da ba zan iya faɗa a gida ba" ya isa a fara aiki. Riƙe sirri wajibi ne a kan likita, amma zance yakan ɓalle ta bakin wani ma'aikaci, ko ta karnen asibiti da aka yar a kan tebur a gida. Saboda haka ka shiga kai kaɗai, ka tambaya kai tsaye: "Abin da zan faɗa, za a rubuta shi a karne?" Yadda aka amsa zai nuna maka ko ka ƙara buɗe baki ko ka tsaya nan. In an rubuta maka maganin damuwa, yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin ka ji sauƙi, kuma ana ci gaba da shan sa aƙalla wata 6 bayan an warware. Wasu masu cewa bai yi musu aiki ba sun daina ne da wuri. Ga wanda bai kai shekara 25 ba, makonnin farko kan iya zuwa da ƙarin tunanin mutuwa. In haka ta faru ka koma ranar, kada ka jira randebu. Tramol da diyazefam na masu tebur ba su cikin wannan lissafi: na farkon yana jawo farfaɗiya in ya yi yawa, dukansu biyu kuma suna kama jiki.

Sai maganar rukuni, inda hatsarin ya fi yawa. Rukunin taimako na kirki ƙarami ne, wanda ka sani ido da ido shi ke kai ka, ba a ɗaukar hoto, ba a neman katin ɗan ƙasa, ba a karɓar kuɗi, ba a haɗa yara da manya, kuma babu wanda zai nemi kwanciya da kai a matsayin sharaɗin taimako. Mai jagorantar sa ya san inda zai tura mutum in ciwo ya fi ƙarfin hira. Guruf ɗin WhatsApp kuwa yana nuna lambarka ga duk wanda ke ciki, lambar nan da sunanka aka yi mata rajista, kuma hoton allo ɗaya ya isa ya kai zance unguwarku. Tarko yana da kamanni: sabon shafin Facebook marar tarihi, gaggawar neman hoto mai fuska, nacin a haɗu a ɗaki da dare. In har za ka haɗu da wani, da rana ne, a cikin jama'a, bayan wani amintacce ya san inda kake. In kuwa an riga an kama hotonka ana cewa ka turo jika hamsin, kada ka biya, domin biyan farko shi ke tabbatar musu akwai na biyu. Ka yanke magana da su, ka ga lauya kafin ka je komisariya, saboda a irin wannan ƙara mai kai kuka kan iya komawa wanda ake tuhuma.

In ka samu mutum ɗaya tak, babba, mai riƙon amana, wanda za ka iya kira da ƙarfe biyun dare, ya fi maka guruf mai mutum ɗari.

"Ni uwa ce a Tawa. Na ga wasu saƙonni a wayar ɗana mai shekara 17, hankalina ya tashi. Kawunsa ya ce a kai shi wajen mai ruƙiyya, ko a yi masa allurar ƙarfin maza, ko a aurar da shi. Wanne ya fi?"

Hajiya, kafin komai ki duba da wa yake saƙon. In babban mutum ne ke jan sa da kuɗi ko waya, wannan lalata da yaro ce, kuma yaron kariya yake buƙata, ba duka ba. In kuwa sa'ansa ne, ko abin da ke ransa ya rubuta, to ga abin da likitanci ya sani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sha'awar jinsi ɗaya daga jerin cututtuka ranar 17 ga Mayu 1990. Babu ƙwaya, babu allura, babu tiyata da aka tabbatar tana juya sha'awar mutum. Allurar da kawu ke nufi, testosteron ce, ba ta canza wanda ake sha'awa, kuma a jikin yaro mai tasowa tana iya tsayar da tsawonsa, ta rage ƙwayoyin haihuwarsa. Auren dole yana ƙara mutum na biyu ne cikin wahalar, ƴar mutane da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Addu'a kuma ki yi iya ƙarfinki, babu likitan da zai hana uwa roƙon Allah. Abin da ke jawo jinya shi ne ɗauri da mari, bulala, hayaƙi a rufaffen ɗaki, da hana abinci.

Wani bincike da aka buga a Amurka a 2009 ya nuna matasan da iyayensu suka tsananta ƙyamarsu sun ninka sauran fiye da sau 8 wajen yunƙurin kashe kai. Ƙasarsu daban da tamu, amma ciwon korar uwa ɗaya ne ko'ina. Binciken irin wannan ya kuma nuna ko rage tsananin kaɗai yana rage hatsarin, ba sai iyaye sun canza aƙidarsu ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ki yi masa magana ku biyu, ba a gaban ƙannensa ba. Ki fara da abin da yake tsoron ji akasinsa: gidan nan gidansa ne, ba za a kore shi ba. Kada ki cire shi daga lakkol. Kada zancen ya wuce inda ya riga ya kai, ki roƙi kawu ya riƙe bakinsa. Ki lura da barcinsa da cinsa, da ko ya fara rabar da kayansa ko yawan neman gafara ba dalili. Ke ma kina buƙatar mai saurarenki. Ganin likitan ƙwaƙwalwa don kanki ba abin kunya ba ne. A Amurka ma babbar ƙungiyar iyaye ta wannan fanni, PFLAG, wata uwa ce ta fara ta a 1973, iyaye na zama suna sauraren juna.

"Ƙawata ta gaya mini mata take so, yanzu kuma tana cewa gara ta mutu kowa ya huta. Ta sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba."

Ƴata, sirri biyu ta ba ki. Na farkon ki riƙe shi har abada. Na biyun ba a riƙe shi, ko da an rantse. Za ki iya gaya wa yayarta ko innarta cewa tana cikin matsananciyar damuwa har tana maganar mutuwa, ba tare da kin faɗi dalili ba.

Yau ɗin nan ki tambaye ta a fili: kina tunanin kashe kanki? Kin tsara yadda za ki yi? Abin yana hannunki? Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin, sauƙi take kawowa. In ta ce e ga biyun ƙarshe, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti ranar. A kwashe piya-piya, maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga ɗakin, domin tsananin yakan zo ne ya wuce cikin mintuna ko sa'o'i, kuma in babu abin a kusa, mutum yakan tsallake. Ku rubuta a takarda sunayen mutum uku da za ta kira, da wurin da za ta je in abin ya taso mata. Ki bar wa'azin wuta a wannan lokaci, ta riga ta san shi.

In ta riga ta sha wani abu, a kira lambar gaggawa 15 ko 18, ko a ɗauke ta nan take. Kada a sa ta amai, kada a ɗura mata madara ko mai, a tafi da kwalbar ko kwalin. Farasitamol yana da yaudara: ranar farko mutum garau, hanta kuma ta lalace a kwana na biyu ko na uku, alhali makarinsa ya fi aiki cikin awa 8 na farko.

"Shekarata 23. Daren jiya kapot ya fashe, ban san matsayin wanda muke tare ba. Ina tsoron asibiti."

Malam, ka tashi yanzu. Akwai maganin riga-kafin sida na bayan haɗari, ana fara shi cikin awa 72, kuma gwargwadon saurinka gwargwadon aikinsa. Yawanci ƙwaya ɗaya ce kullum har kwana 28. Ka je CTA, cibiyar kula da masu sida a Yamai, ko duk asibitin da ke ba da maganin sida, ka ce kapot ya fashe jiya, ba ka san matsayin abokin kwanciyarka ba. Za a gwada ka ranar, a sake bayan wata 3, domin gwajin gaggawa ba ya ganin sabon kamu. Tashin zuciya da ciwon kai na kwanakin farko suna wucewa, kada su sa ka daina. Maganin ƙarin jini da na ƙwannafi suna hana ƙwayar shiga jiki, don haka ka sha ta awa 2 kafin su ko awa 6 bayan su.

Ka nemi a haɗa da gwajin ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a ƙasarmu. Allurarsa ta shiga riga-kafin jarirai ne a 2008, kai an haife ka kafin nan. In ba ka da shi, allura uku ce: yau, bayan wata 1, sai a wata na 6. In kana da shi, likita ya sani kafin ka ajiye maganin kwana 28 ɗin, saboda hanta kan tashi bayan an daina. In irin wannan haɗari yana maimaituwa, ka tambaya ko akwai PrEP, ƙwayar da marar sida ke sha kullum don kada ya kamu.

Kapot yakan fashe ne saboda bazilin, man kaɗe ko man gyaɗa, domin mai yana cin roba cikin ƴan mintuna. Sai kuma wanda ya daɗe a aljihu cikin zafin Afrilu. Man santsi na ruwa da ake sayarwa a farmasi shi ne daidai. In ka ga ciwo, ƙuraje ko ruwa na fita ta dubura, dole ka faɗi wurin, domin gwajin fitsari ba ya kama ciwon sanyin da ke can, kuma da yawa sukan yi watanni suna shan maganin basir a kan abin da allura ɗaya da ƙwayoyin mako guda kan warkar.