Shirin komawa aji a lokacin dogon hutu

Malama, kin ce an ba ki aji huɗu na firamare a karon farko, kuma kin rasa ta inda za ki fara shiri kafin Satumba.

Fara karɓo manhajar NERDC (hukumar da ke tsara manhajar makarantu a Najeriya) wurin hedimasta, ki tambaye shi ko gyaran da aka yi mata a 2025 ya shafi ajinki. Sai ki raba darussan zangon farko mako-mako, ki bar makonni biyu na ƙarshe don bita da jarrabawa.

Abin da zai fi amfanarki shi ne zama da malamin da ya koyar da yaran a aji uku. Shi ya san wanda har yanzu bai iya haɗa baƙi ba. A shekarata ta farko na rubuta shirin darasi na zango guda cif, na tarar rabin ajin ba sa iya karatu, dole na sake. Ki rubuta na mako biyu kawai, ki gwada su tukuna.

Ki leƙa ajin ma, ruwan Agusta kan lalata rufi. In aka koma kika ga yaro ba ya ji ko gani sosai, iyayensa su kai shi asibiti.