Wace inshora ta dace da ɗan kwikwiyo?

Ɗan'uwa, ka ce kwikwiyonka wata uku ne, kana tambaya ko inshorar hatsari kaɗai ta isa. A ganina ba ta isa ba. Abin da take biya shi ne irin su karaya ko bugun mota. Ciwon da ke cin kuɗi kuwa shi ne mai zama, kamar ciwon suga, ƙaiƙayin fata, ko lalacewar ƙugu da ke damun manyan karnuka.

Nan fa sai ka buɗe ido. Wata inshorar wata 12 kacal take biyan kowane ciwo, sai ta janye hannu alhali kare bai warke ba. Wata kuma kuɗin maganin yana sabuntuwa duk shekara muddin ba ka tsallake biya ba. Ta fi tsada, amma ita zan zaɓa.

Kuma kada ka jira. Duk abin da likitan dabbobi ya riga ya rubuta a katinsa, ko ɗingishin kwana biyu ne, galibi kamfani ba ya ɗauka. Sau da yawa ma sai an jira kwana 14 kafin su fara biyan rashin lafiya.

Tambaye su nawa ne naka kason a kowane magani, da ko suna biyan diyya idan ya ciji wani.