Takalmi a Bakin Ƙofa

Ɗana, na saurari saƙon muryar da ka turo mini jiya bayan Isha'i. Ka ce malaminku ya kasa ku shida-shida, kowane rukuni ya ɗauko buɗewar fim mai sa fargaba, minti biyu kacal, a kawo cikin mako uku. Kun zauna sau biyu kun tashi baram-baram: wani na son a fara da harbi, wani tseren babura daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Soro, wani kuma har ya sayo jan kala na jini. Shi ne kake tambaya, "Oga, da me ake farawa?" Na so in bari sai ka zo shago, amma ka san halin shago, masu karɓar hoton biki ba za su bar mu mu yi magana ba.

Ku ajiye jan kalar nan tukuna. Harbi razanarwa yake yi, razana kuwa ba ta wuce sakan biyu, mutum ya zabura, ya yi dariya, ya koma kan wayarsa. Fargaba ba ta kama mai kallo sai ya san abin da na cikin hoton bai sani ba. Nan ne za ka gan shi zaune zuciya na dukan uku-uku, kamar ya shiga allon ya janyo mutum baya. Aikin minti biyunku shi ne ku rataya masa tambaya ɗaya a wuya, ku kuma hana shi amsa.

Bari in ba ka misali da abin da ke kowane gida a garin nan. Yarinya ta dawo daga makarantar dare. Ƙofar gida a kulle da kwaɗo, kamar yadda ta bar ta. Ta buɗe, ta ratsa zaure, tana haska gabanta da fitilar waya. Kyamara ba ta bi fuskarta ba, ta sauka ƙasa. Ga buta a tsakar gida, ƙasan wurin a jiƙe, ruwan bai ma gama tsotsewa ba. Ita ba ta lura ba, ta wuce tana ɗan rera karatunta. A bakin ƙofar ɗaki ga silifas ɗin mahaifiyarta da ta tafi unguwa, ga na ƙaninta, ga kuma wani takalmin namiji, sau ciki, babba, da ƙura a jikinsa, an jera shi tsaf kamar na mai gida. Ta cire nata ta ajiye kusa da shi ba tare da ta duba ba. Ta ɗaga labule. Allo ya yi baƙi, sunan fim ya fito. Babu bindiga, babu ihu, amma duk Bahaushen da ya ga takalmin nan ya san akwai mutum a ciki, kuma mutumin bai shigo da gaggawa ba, tunda har ya tsaya ya yi amfani da buta. Natsuwar nan tasa ita ce abin tsoron. Ban ce ku ɗauki wannan ba, ku nemo naku, amma ya zama irin wannan ƙaramin abu da ya bar mazauninsa.

Kada ku wahalar da 'yar wasanku da cewa ta zare ido ta nuna tsoro. Sama da shekara ɗari da suka wuce, wani malamin fim a Rasha mai suna Lev Kuleshov ya ɗauki fuskar ɗan wasa guda, ba yabo ba fallasa, ya riƙa haɗa ta da hotuna daban-daban: kwanon miya, gawa a cikin akwati, mace a kishingiɗe. Masu kallo suka riƙa ganin yunwa, da baƙin ciki, da sha'awa, alhali fuskar ba ta canza ba. Wato abin da ka jera kusa da fuska shi ke ba ta ma'ana. Rabin wasan a teburin edita, mai yanka hotuna ya haɗa su, ake yin sa.

Yanzu lissafi. Minti biyu sakan 120 ne. Idan kowace ɗauka ta ci kamar sakan huɗu, ɗauka 30 ke gabanku. Ku sayi littafi mai arba'in, ku zana talatin ɗin nan ɗaya bayan ɗaya kafin kowa ya taɓa kyamara, ko da zanen 'yan sanda-sanda ne irin na 'yan firamare. Na farko su yi tsawo, a bar ido ya zagaya gidan, sannan su riƙa gajarcewa yayin da take kusantar labule. Ku kuma kula da ɓangaren da kuka tsaya: in ta shigo tana tafiya daga hagu zuwa dama, kyamara ta zauna a wannan gefen har ƙarshe. Kuka tsallaka ɗaya gefen, za a ga kamar ta juya tana komawa waje.

Da waya za ku ɗauka, na sani, kuma ba abin kunya ba ne. Sai dai yawancin wayoyi suna zuwa a saite kan hoto 30 a sakan, wanda ya dace da wutar lantarkin Amurka mai bugu 60 a sakan. Tamu 50 take bugawa. Shi ya sa kake ganin layi-layi na yawo a hoto in an ɗauka ƙarƙashin wasu ƙwayayen lantarki. Ku mai da ita 25, ku kulle haske da fokas, wato saitin da ke sa hoto ya fito tar, don kada waya ta riƙa yanke wa kanta hukunci a tsakiyar ɗauka. Duhu kuma ba a ɗaukar sa da rashin fitila. Wanda ya kashe komai ya ɗauka, dusa-dusa zai samu. Fitila ɗaya mai caji, a ajiye ta a gefe ko a bayan 'yar wasa, rabin fuska ya haskaka rabi ya ɓace, ya wadatar. In kuna son shuɗin nan na sararin sama, bai fi minti ashirin da 'yan kai yake yi ba bayan faɗuwar rana, kuma daidai lokacin ake kiran Magariba. Ni bayan sallar Asuba nake zuwa nemansa, gari shiru, yaran unguwa ba su fito leƙe ba.

Sauti kuwa, a nan ɗalibai ke faɗuwa kowace shekara. Mutum zai jure hoto mai ɗan hazo, amma ba zai jure ƙugin janareta ba. Ku ware waya ta biyu don sauti kaɗai, a kusa da abin da ke ƙara. Ku tafa hannu sau ɗaya gaban kyamara a farkon kowace ɗauka, edita zai gode muku wajen daidaitawa. Kafin ku tashi, kowa ya yi tsit na minti ɗaya a ɗauki shirun gidan, don da shi ake liƙe gurabe. Ƙarar kwaɗo, kukan ƙyauren langa-langa, jan silifas a kan siminti, duk ku sake ɗaukar su daban daga baya. Kiɗa kuma kada ku yago na fim ɗin wani ku manna. Gyare yana kuka sai ya ɗauke ɗif a lokacin da ta taɓa labule, wannan ya fi kowane kiɗa da za ku sato.

Shi mai son bindiga, ka ba shi labarina. Ina da ƙuruciya muka shiga wani lungu a cikin gari da dare da bindigar roba, ba mu gaya wa kowa ba. Ɗan wasanmu ya rufe fuska da rawani, ya laɓe bayan katanga yana jiran in ce akshin. Wata tsohuwa ta leƙo ta gan shi, ta kurma ihu. Kafin in sauke kyamara daga kafaɗa, samari sun fito da gora da taɓarya. Wani dattijo da ya san mahaifina ne ya shiga tsakani, ban da haka da labarin ya sha bamban. Wancan lokacin ma ke nan da ake zaune lafiya, balle yanzu da kowa a jihar nan ke kwana da ido ɗaya. Ku karɓi takarda daga makaranta, ku je ku gai da mai unguwa, ku shaida wa maƙwabta. Abin da ya yi kama da makami kuwa kada ya fita waje sam.

Rigimarku ku shidan nan ba ta labari ba ce, kowa so yake ya zama darakta. Jirgi ɗaya ba ya ɗaukar matuƙa shida. Ku yi musunku a kan takarda har ku gaji, amma ranar ɗauka baki ɗaya ne ke cewa a fara, shi ne ke cewa a tsaya. Ɗaya kyamara, ɗaya sauti, ɗaya fitila, ɗaya edita. Na shidan, wanda kowa ke rainawa, shi ne mai littafi da biro: ya rubuta wace ɗauka ce ta yi kyau, a wane hannu ta riƙe waya, ina bakin butar ya kalla. In kuka dawo washegari ƙasa ta bushe ko an gusar da takalmi, shi kaɗai zai cece ku. Ku ba wa wanda ya fi kowa natsuwa wannan aikin. Kowane dare a kwafe abin da aka ɗauka a wuri biyu, kada ya kwana a waya ɗaya.

Sunayenku da za su fito a allo kuma ku yi su ƙanana, farare, a kusurwar da babu abin kallo, kada sunan wani ya hau kan takalmin.

Ka zo mini da littafin zanen ranar Alhamis bayan La'asar in duba. In ya yi, zan ara muku ƙafar kyamara da fitila ɗaya. Ka haɗo da cajar da ka ɗauka tun bikin makon jiya.