Tambaya da Amsa: In sayar da Kord ɗina in sayi injin DI?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon buga takardu nan Gusau wajen Tudun Wada, Kord 64 (tsohon injin buga takardu mai aiki da tawada) guda ɗaya da injin yankan takarda, shekara da shekaru da su nike cin abinci. To yanzu kasuwa ta canza, mutum zai zo da katin biki guda 100 mai kala yana so gobe da safe, ni kuma sai na aika Kano an yo mani filet (farantin da ake ɗora zanen a kai a ɗaura wa Kord), kafin ya iso har an ɗaura aure an watse. Yara masu injin dijital sun kwashe mani kwastomomi. In sayar da Kord ɗin in sayi DI, wato irin injin dijital ɗin nan, ko mi kake gani?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka sayar, wallahi kar ka sayar. Ka ƙara DI ɗin a gefe in da hali, amma Kord ya zauna inda yake.

Dalili kuwa lissafi ne kawai. Aikin kala a Kord filet huɗu ne, kuma da yake kala ɗaya yake bugawa sai takarda ta shiga sau huɗu, ga wankin rola ga takardun da za su lalace kafin kala ta zauna, duk wannan kuɗin ka kashe shi ko kofi 100 za ka buga ko 10,000. Shi ya sa katin biki ke cin ka. DI kuwa daga CorelDraw (manhajar zane a kwamfuta) sai takarda, babu filet, amma kuɗin kofi na farko shi ne kuɗin kofi na dubu, ba ya sauka ko kaɗan. To ranar da ɗan siyasa ya aiko a buga fosta 20,000, ga zaɓen 2027 nan tafe, ko wata makaranta ta kawo takardun jarrabawa da littattafan rasit, in ka ce da tona (garin tawadar DI) za ka buga ai ka ci uwar kuɗi. Banda haka yawancin ƙananan injinan nan irin Konica Minolta bizhub iyakarsu takarda SRA3, ɗan sama da A3, shi kuwa Kord yana ɗaukar A2.

Inda na fi jin tsoro shi ne sayen. Kusan kowa na hannu yake saye daga Legas ko Kano, to kar fentin jiki ya ruɗe ka, ka sa a buɗe maka ma'aunin ƙirga kofi ka ga kofi nawa ya taɓa bugawa, a buga baƙi zalla da hoton fuskar mutum a gabanka, in ka ga layi-layi to diram ko fiyuza (sassan da ke ɗora tona da manna ta a takarda) sun gaji kuma ba su da arha. Kafin ma ka biya ka tambaya wa zai gyara shi, don makanikin Kord da sifana da kunne yake aiki, DI kuwa in ya nuna lambar matsala a fuskarsa ya tsaya sai injiniya, in kuma sai ya taso daga Kano to mako ɗaya kana zaune kana ba mutane haƙuri. Ka sayi irin wanda tonarsa ke samuwa a kusa.

Sai ɗaki. DI ba ya son ƙura ba ya son zafi, kai ka san Gusau a watan Afrilu da kuma lokacin hunturu. Ka yanka masa wuri da gilashi, a sa AC, ga sitabilaiza mai ƙarfi, kar ka haɗa shi layi ɗaya da Kord a janareta, in fanel (allon lantarkin DI) ya ƙone kuka ne. Takardar ma ka riƙa rufe ta a leda da damina, in ta sha sanyi maƙalewa take yi.

Ni da ni ne, wata uku zan fara karɓar ƙananan ayyukan nan ina kai wa mai DI yana buga mani a farashin 'yan sana'a, ina rubuta kofi nawa ke shigowa kowane mako. Littafin nan shi zai gaya maka girman injin da za ka saya, kuma kafin nan ka tura yaro ɗaya ya koyi saita kala.