Dankali a kiret ɗin ƙwai: amsa ga ƙanena na Kura

Ƙanena, ya gida, ya Inna da jiki? Na ga saƙonka game da hoton dankalin Turawan da na jera cikin kiret ɗin ƙwai a bakin taga. Wai ko sanyin Ingila ya fara taɓa mini kai. Na yi dariya har yara suka leƙo. To, bari in warware maka.

Lambun da zan shuka dankalin ba a gida yake ba. Fili ne da hukumar birnin Birmingham ke yankawa ta bayar haya shekara-shekara, kuma irin wuraren nan sun haura ɗari a garin. Cikakken yanki murabba'in mita 250 ne. Ni rabi na samu, shi ma sai da na daɗe a layi. Kai mai noman rani a Kadawa za ka ce ko wurin renon iri bai kai ba, ban kuwa musa ba.

Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, ku ruwa kuke jira, mu ɗumi muke jira. A watan Fabrairu ƙasa jiƙe take sharkaf, laka mai danƙo, in ka taka ta sai ta dunƙule, ta bushe kamar tubali. Shi ya sa muke shimfiɗa katako mu bi ta kai. Babban abokin gabarmu kuwa raɓa ce da ke daskarewa da asuba ta zama ƙanƙara, tana iya faɗowa har tsakiyar Mayu. Shekarata ta farko na ga rana ta haska kwana uku a Afrilu, na yi gaggawar dasa tumatir, kamar mai shuka da ruwan farko. Dare ɗaya suka yi baƙi ƙirin, suka kwanta. Wani tsoho Bature maƙwabcina ya duba, ya girgiza kai, bai ce uffan ba, washegari ya kawo mini guda shida daga ɗakin gilashin da yake renon shuka a ciki.

Saboda haka dankalin taga dabara ce ta cin lokaci. Ana ajiye irin a wuri mai haske da sanyi-sanyi kamar mako shida, idanunsa na kallon sama, har ya fito da gajeren toho mai kauri. Wajen ƙarshen Maris, in ƙasa ta fara sakin jiki, sai a binne shi, ya riga ya farka. Attarugu ya fi shi rigima. Yana son zafi kamar digiri 25 kafin ya tsiro, ga jinkirin girma, don haka tun farkon Fabrairu ake zuba shi a ƙananan robobi kusa da na'urar ɗumama ɗaki. Matata ta ce kowace shekara falonta kan koma fadama. Tumatir ya biyo baya a Maris.

A filin kansa, aikin kamar sharar gona ne da kai taki kafin damina, sai dai cikin rigar sanyi da takalmin roba. Takin doki ruɓaɓɓe muke samu, mu ɗauka a baro. Ciyawa da ganyen bara ba ma cinna musu wuta yadda kuke yi, tara su ake yi a akwatin katako su ruɓe su koma taki. Wasu kan rufe kunya da baƙar leda don ƙasa ta yi saurin ɗumi. Bishiyar tuffa a lokacin sanyin nan ake rage mata rassa, tun tana barci ba ganye. Shinge kuma a aske shi kafin Maris, domin daga nan tsuntsaye ke fara sheƙa, kuma dokar ƙasar ta 1981 ta hana ɓata sheƙar da ake amfani da ita. Na san za ka yi dariya, kai da ke kwana korar tsuntsu a shinkafa. Albasa ƙananan ƙwayoyi ake sayowa a dasa. Tafarnuwa tun kaka take ƙasa, ita sanyin ma take so.

Ka tambaya ko mu Hausawan nan muna noma abincinmu. Muna taɓawa. Alayyafo yana yi sosai, mutanen Jamaika da ke nan sun riga mu gano haka, daga wurinsu na fara samun iri. Kuɓewa sai cikin rumfar leda, ita ma da lallashi. Yakuwa ganye kawai muke ci, sanyi kan riske ta kafin ta yi zoɓo. Gero da dawa kada ma ka tambaya.

Mu 'yan kaɗan ne, amma ba mu yar da gayya ba. Asabar ɗin da ba a ruwa sai mu taru a filin mutum ɗaya, a juya ƙasa, a gyara rumfa, a sha shayi daga filas. Wanda attarugunsa ya tsiro da yawa ya raba wa wanda nasa ya mutu. Bana ni ne mai rabawa, guda 40 suka fito.

Ka gaishe da Inna, ka ce mata in Allah ya kai mu Yuni zan turo hoton dankalin a tukunya.